Wai golar nan ta ƙwallon ruwa a kan me take tsayawa?

Ɗan_Auyo:
Salamu alaikum 'yan uwa, a raba mu gardama dan Allah. Jiya da daddare a teburin mai shayi wani yaro ya nuna mana bidiyo a wayarsa, wasu mata na buga ƙwallo a cikin ruwa, da raga da rafali da komai, akwai wata doguwa baƙar fata mai jar hula a bakin raga, duk ƙwallon da aka jefo sai ka ga ta taso daga ruwa har wajen cibiya ta kaɗe ta. Ni dai na ce akwai dakali a ƙasa da take takawa, don ni ɗan bakin kogi ne, a Kogin Haɗeja na koyi iyo tun ban san hagu da dama ba, kuma na san mutum ba ya tsalle a ruwan da ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Na biyu na ce ko ma mene ne, aikinta bai kai na golan ƙwallon ƙafa wahala ba, raga 'yar mitsitsiya. Har na yi alkawari in na faɗi ni zan biya wa kowa shayi.

Baban_Zee_Ringim:
Wa alaikumus salam. To ka fara lissafin kofuna malam 😂

Malam_PHE:
Ɗan_Auyo babu dakali, babu ko bulo ɗaya. Zurfin ruwan da ake manyan gasa a ciki kusan mita 2 ne, ya shanye kan kusan kowa. Abin da suke yi shi ne suna juya ƙafafu a ƙarƙashin ruwa, ɗaya ta zaga ta nan ɗaya ta zaga ta can, ba tare suke tafiya ba bi da bi ne, kamar dai yadda uwar gida ke murza maburgi a tukunyar miyar kuka. Wannan juyin shi ke riƙe mutum a tsaye ba tare da ya yi ta sama da ƙasa ba, hannayensa kuma a sake. In za ta taso sai ta ƙara sauri sannan ta haɗe ƙafafun da ƙarfi lokaci guda, shi ne ka ga ruwa ya tofo ta sama. Wadda ka gani in dai 'yar Amurka ce to Ashleigh Johnson ce.

Ɗan_Auyo:
Eh tutar Amurka ce a jikin allon. Amma Malam minti nawa za ta yi tana wannan burgar? ni in na tsaya a ruwa wuri ɗaya minti biyar cinyata ta fara wuta

Malam_PHE:
Wasan zango 4 ne, kowane zango minti 8, amma agogo na tsayawa duk lokacin da aka busa usur, saboda haka sai a kwashe kusan awa guda. Sauran 'yan wasa shida ana ta canza su suna fita su huta, gola kuwa yawanci tana ciki daga farko har ƙarshe.

Sani_Okada_Wudil:
Ni tambayata daban ce. Da na ga an rubuta water polo, sunan wasan da Turanci, na zaci da dawaki za a shiga ruwan irin na Katsina da Kano wlh har na ce kai turawa ba su da tausayin dabba

Ummu_Khairat:
Hhhhh Sani Allah ya shirye ka

Injiniya_Tiga:
Bari in ƙara a kan abin da Malam ya faɗa, don na ɗan bi labarinta lokacin wasannin Tokiyo, muna aikin dare a lokacin ba abin yi sai kallo a waya.

An haife ta a 1994 a Mayami, jihar Fulorida, iyayenta 'yan asalin Jamaika ne. Su biyar ne a gidansu, kuma abin da ya kai su ruwa ba son wasa ba ne, tsoro ne. Gidan da suke akwai wurin wanka na siminti a tsakar gida, uwar ta ga in ba a koya wa yaran iyo ba wata rana za a tsinci ɗaya a ciki, sai ta sa su duka koyo. Daga nan suka gano ƙwallon ruwa. Ƙanwarta Chelsea ma ta buga, har jami'a ɗaya suka yi, Princeton. Ita Ashleigh sai da ta ajiye karatu na shekara guda ta koma Kalifoniya tirenin saboda Olamfik na Riyo a 2016, kuma a tim ɗin ita kaɗai ce ba 'yar Kalifoniya ba, sannan ita ce baƙar fata mace ta farko da ta shiga tim ɗin Amurka na wannan wasa a Olamfik. A wasan ƙarshe suka lallasa Italiya 12 da 5 suka ɗau zinare. Ta koma makaranta ta gama a 2017, kuma a shekarar aka ba ta kyautar Cutino, wadda ake ba gwanin 'yan jami'a na Amurka a wasan. Sai Tokiyo, da aka yi a 2021 saboda korona, suka haɗu da Sifaniya a fainal, 14 da 5, ta tare ƙwallo 11 a wannan wasan kaɗai. Wataƙila ma shi ne bidiyon da aka nuna maka.

Baban_Zee_Ringim:
Injiniya ashe dai aikin daren naku kallon mata masu iyo ne, mu kuma muna nan muna jiran a sako ruwan noman rani

Injiniya_Tiga:
Baban Zee ka ji tsoron Allah 😂 ba ni ke buɗe ƙofar dam ba

Gola_Na_Kafin_Hausa:
Ni a kan magana ta biyu zan tsaya tunda sana'ata ce, shekara tara ina tsare wa ƙauyenmu raga. Ina bayan Ɗan_Auyo. Ragarmu faɗinta mita 7.32 tsayi 2.44, tasu nawa? Kuma in ta faɗi a ruwa take faɗawa, luf. Ni a kan tsakuwa nake faɗawa, ga ƙaya, ga kashin shanu, gwiwata ta hagu har yau in sanyi ya shigo sai na ɗaure ta da rawani. Kar wanda ya haɗa ni da mai wasa a ruwan sanyi.

Malam_PHE:
Tasu faɗi mita 3, tsayi santimita 90 daga saman ruwa. Ƙarama ce ba musu. Amma ƙanina duba nan, kai kana tsaye kan ƙasa da tsawonka duka, ita kanta da kafaɗunta kawai ke waje, sauran duk sai ta ƙirƙiro da ƙafa. Kuma fenaritinku daga mita 11 ake bugawa, nasu daga mita 5, da hannu, mai jifan tana ganin idonki kina ganin nata. Ƙwallon nauyinta tsakanin giram 400 da 450, ga ta jiƙe, wani lokaci da gangan ake doka ta a kan ruwa ta yi tsalle kamar yadda muke cilla fasasshen kasko a kududdufi muna yara, sai ta canza hanya dab da fuskarki. Fuska ma tana cikin kayan aikin gola a wasan nan, da yawa da goshi suke tarewa.

Gola_Na_Kafin_Hausa:
To ai ni ma an taɓa fasa min hanci

Hajiya_Mai_Atamfa:
Ku yi haƙuri 'ya'yana in sa baki. Ni ba ragar ce ta tsaya min a rai ba, maganar uwar nan ce da Injiniya ya kawo. Ita ta ji tsoron ruwa sai ta koya wa 'ya'yanta ruwa. Mu in mun ji tsoron ruwa sai mu ɗauko bulala. Duk damina sai an yi jana'izar yaro a kududdufin bayan gari, inda aka haƙi ƙasar gini aka bar rami, kuma duk shekara maganin ɗaya ne, a zane waɗanda suka rage a ce kar a ƙara zuwa, gobe kuma su faki ido su koma. Ni kaina na haifi bakwai ba wanda na taɓa tunanin a koya masa, mazan su suka koya wa kansu a ɓoye, matan kuwa ko ɗaya ba ta iya ba har suka yi aure.

Ummu_Khairat:
Wlh Hajiya kin taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Ku tuna jirgin Bagwai na ƙarshen Nuwamban 2021 a dam ɗin Watari, yawancin waɗanda suka rasu yara ne 'yan Islamiyya da suka taso daga Badau za su Maulidi. Allah ya jiƙansu. Ba na ce iyo zai hana ƙaddara ba, an yi wa jirgin lodi fiye da kima, amma mu mata da ke tsallaka ruwa zuwa kasuwa da biki da goyo a baya, in jirgi ya kife me muke da shi ban da salati?

Baban_Zee_Ringim:
Allah ya gafarta musu, amin

Abu_Sumayya:
Amin. Amma ina so a bambance abu biyu kar a cakuɗa. Koya wa yaro iyo don tsira da rai abu ne mai kyau, ba wanda zai ja da wannan, har mata in an samu wuri killatacce mace ta koya wa mace. Amma wannan wasan da irin kayan da suke sawa a gaban duniya ba namu ba ne, kuma ban ga dalilin da za a zauna ana yaba shi a nan ba.

Ummu_Khairat:
Malam ba wanda ya ce zai kai 'yarsa Olamfik daga Gwaram ai. Tambaya aka yi a kan dakali

Hajiya_Mai_Atamfa:
Abu Sumayya ka yi gaskiya a kan sutura, ni ma ban ga 'yata a ciki ba. To amma wurin killataccen da ka faɗa yana ina? In ka samo mana ni zan fara kai jikokina.

Ɗan_Masunta:
A gidanmu mata sun iya ruwa fa, kar a yi mana kuɗin goro. Kakata har ta tsufa da gora take tsallaka kogi in damina ta cika, ta kifa cikinta a kai ta bi da ƙafa, kayanta a ka ko jiƙewa ba sa yi. Kuma abin da Malam_PHE ya kwatanta da maburgi mu ma muna yin irinsa in muna riƙe da koma da hannu biyu a wuri mai zurfi, sai dai namu ba mai tsari ba ne, kuma ba ma daɗewa. Ɗan_Auyo in da gaske ɗan bakin kogi ne kai ya kamata ka san wannan, sai dai in a bakin gaɓa ka yi naka iyon inda mata ke wanki 😄

Ɗan_Auyo:
Kai Ɗan_Masunta ka kiyaye ni. Tsayuwa a ruwa daban, tsalle daban. Tsallen ne ban yarda da shi ba

Injiniya_Tiga:
Ai tsallen tirenin ne. Ɗaya daga cikin abin da ake sa gololinsu shi ne su ɗaga jarkar ruwa cike sama da kai da hannu biyu, su yi ta wannan juyin ƙafar, wani lokaci a buɗe bakin jarkar a kife ta sai ruwan ya tsiyaye kaf kafin su sauke. Wanda ya shekara goma yana wannan, ranar da aka cire masa jarkar ai jikinsa zai zama kamar takarda. Ga shi ita doguwa ce, ta haura mita 1.8, in ta buɗe hannu ta rufe fiye da rabin ragar. Sannan doka ta ba gola abin da ba ta ba saura ba, ita kaɗai ke da izinin kama ƙwallo da hannu biyu ko ta naushe ta, sauran hannu ɗaya ne tak. Jar hular nan kuma alamar gola ce, kowane tim golansa ja yake sawa.

Sani_Okada_Wudil:
To wannan abu kamar kofin shayi da ke kunnensu fa?

Malam_PHE:
Kariyar kunne ce, ƙwallo in ta daki kunne kai tsaye tana iya fasa dodon kunne. Kuma kafin a shiga ruwa sai rafali ya duba faratan kowa, don abin da ake yi a ƙarƙashin ruwa kokawa ce sosai, yaƙushi da jan riga da shuri, rafali na sama ba ya ganin rabi.

Matashiya_Birnin_Kudu:
Ni dai abin da nake son sani akwai kuɗi a ciki? Don in mutum zai sha wannan wahalar gara a ce ya gina wa uwarsa gida. Chiamaka Nnadozie ta Falkons ai mun ga inda tsaron raga ya kai ta, daga Paris FC zuwa Brighton a Ingila, tun da ta tare fenaritin Christine Sinclair ta Kanada a kofin duniya na 2023 duniya ta san ta.

Injiniya_Tiga:
Ƙanwata ba a haɗa su. Amurka da duk zinarenta ba ta da babbar lig ta ƙwararru a wannan wasa, in kin gama jami'a kina son ki ci gaba da bugawa a kulob sai ki tsallaka Turai. Ashleigh ma haka ta yi, ta buga wa Orizzonte a Kataniya ta Italiya, ta je Girka ta buga wa Vouliagmeni, daga baya Ethnikos. Kafin Olamfik na Faris a 2024 kyaftin ɗinsu Maggie Steffens sai da ta fito a intanet tana cewa wasu 'yan tim ɗin na haɗawa da wasu ayyuka don su riƙe kansu, har wani tsohon mawaƙin Amurka ya ɗauki nauyin tallafa musu. Tim ɗin da ya ci zinare sau uku a jere fa, 2012, 2016 da Tokiyo.

Matashiya_Birnin_Kudu:
Tab. Ashe ba mu kaɗai ake wa haka ba

Gola_Na_Kafin_Hausa:
To a Faris ɗin me ta yi? Ko nan ma ta tashi sama kamar aljana

Injiniya_Tiga:
A nan ne abin ya juye. Sun yi 8 da 8 da Ostireliya a wasan kusa da na ƙarshe aka je fenariti aka cire su, sannan a neman na uku Holan ta ci su 11 da 10, ƙwallon ƙarshe ta shiga ana saura ƙiftawar ido a tashi. Suka koma gida hannu rabbana, karo na farko tun da aka sa wasan mata a Olamfik a Sidni a 2000. Maza kuwa tun 1900 suke bugawa, ka ga shekara ɗari cif mata suka yi suna jira.

Gola_Na_Kafin_Hausa:
Yauwa. To a nan na ji ta zama 'yar uwata. Duk abin da ka tare a baya ba wanda zai tuna, wadda ta shiga a minti na ƙarshe ita za a bi ka da ita har gida. Akwai shekarar da muka je fainal na kofin wani ɗan siyasa, na tare fenariti biyu, sai wata banzar ƙwallo ta bi ta tsakanin ƙafafuna, wlh har yau yaran unguwa in sun gan ni sai su ware ƙafa. Ko kuɗin da aka yi mana alkawari na zuwa na biyu ba mu gani ba.

Baban_Zee_Ringim:
Ashe kai ne 😂😂 ina filin ranar

Malam_PHE:
Tunda an zo kan haƙurin gola, ni wadda ta fi burge ni ba Ashleigh ba ce, Laura Ester ce ta Sifaniya. A Landan 2012 ta je fainal Amurka ta ci su 8 da 5. A Tokiyo ta sake zuwa fainal, Amurka ta sake cin su, wannan 14 da 5 ɗin da Injiniya ya faɗa, wato lokacin da ake ta yaba waccan a wancan gefen ita ce a ɗaya ragar tana tsamo ƙwallo. Sai a Faris Sifaniya ta ci Ostireliya 11 da 9 ta ɗau zinare, amma a lokacin wata yarinya Martina Terré, wadda Laura ta girme wa da shekara 12, ita ce ta karɓe ragar. Laura ta samu zinaren da ta shekara 12 tana nema, amma ranar ba ita ce a bakin raga ba. Ban san yadda zan ji ba in ni ne.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Za ka ji daɗi mana Malam, ai ko a gidan biki ba wadda ta tuƙa tuwon ke fara ci ba.

Abu_Sumayya:
Hajiya na koma kan tambayarki ta ɗazu, ban manta ba. Gaskiya ba ni da wurin da zan nuna miki. Kuma ko na maza ma ruwan namu akwai matsala, rabin ajinmu a firamare mun yi tsargiya saboda wanka a fadama, har muna ɗauka alamar girma ce. Sai da aka zo makaranta aka raba mana ƙwaya.

Ɗan_Masunta:
Wannan kam gaskiya ne, ba gidan masuncin da bai san tsargiya ba. Amma maganar ƙwarewa a ruwa kar a raina mu, wanda ya taɓa zuwa Argungu ya ga kabanci, masu kama agwagwar ruwa da hannu da masu nutso, ya san akwai mutane. Da za a ba su ƙwallo da koci da an ga abu.

Sani_Okada_Wudil:
Ni fa na fara tunani, ƙarƙashin gadar Wudil da rani, a kafa gora biyu a ɗaura gidan sauro. Akwai ƙasar Afirka da ke bugawa ma kuwa?

Injiniya_Tiga:
Matan Afirka ta Kudu sun je Tokiyo, su ne na farko daga Afirka a ɓangaren mata, ba su ci wasa ko ɗaya ba. Sani kai kuma da rani ruwan Wudil a wurare da yawa iya gwiwa ne, Ɗan_Auyo zai samu dakalinsa a can.

Ɗan_Auyo:
To na dawo. Bayan la'asar na je bakin kogi da ƙanena na shiga inda ya fi ƙarfina na gwada burgar nan ta Malam. Ƙafar dama ta yarda ta hagu ta ƙi, duk sanda na ce su saɓa sai su tafi tare kamar kwaɗo. Na ce ya jefo min robar lemo in tare, na ɗaga hannu biyu sama kawai sai na ji ni a ƙasa, na sha ruwa ya kai kofi biyu. Maganar dakali na janye. Amma ta biyu ina nan kan bakana, wanda bai taɓa faɗuwa kan tsakuwa ba bai san tsaron gida ba, Gola_Na_Kafin_Hausa riƙe min wannan.

Gola_Na_Kafin_Hausa:
Na riƙe, duk da dai yanzu rabi da rabi nake

Ummu_Khairat:
Dan Allah kar wani ya sake zuwa gwaji shi kaɗai, kai ma da ka je da ƙanenka shi ya iya ruwan?

Ɗan_Auyo:
Anti ya fi ni ma

Baban_Zee_Ringim:
Mu dawo kan shayi. Mutum nawa ne a teburin jiya? Kuma da madara aka ce ko baƙi?

Ɗan_Auyo:
Mu takwas ne, amma rabin gardama na faɗi, saboda haka kofi huɗu zan biya su raba. Baƙi.